Kainji Na Aiki, To Ina Wutar Take? Fashin Baƙi Kan Tsohuwar Tashar Da Kowa Ke Zargi

Duk sanda aka ɗauke wuta aka daɗe ba a kawo ba, sunan da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne Kainji. Da rani a ce ruwan dam ya janye. Da damina a ce ruwa ya yi yawa. Wani ya ce ai injinan tun na zamanin Gowon ne, sun gama yayi. Wani kuma ya rantse maka cewa wutar tana nan, Nijar ake kwasar wa kyauta. Idan ambaliya ta ci gari, nan ma Kainji ce. To wai tashar nan tana aiki kuwa? In tana aiki, ina wutar ke zuwa? Kuma cikin zarge-zargen nan, wanne ne ke da tushe?

Tana aiki, yau fiye da shekara 55 ke nan. Ɗaliban injiniya da 'yan makarantun sakandare suna zuwa ganinta, kuma hanyar da ake bi da su a ciki ta isa ta warware yawancin ruɗanin, in dai mutum ya san abin da zai kalla.

Abin da ake gani daga saman bango

Madatsar tana kan Kogin Neja, wanda da yawanmu ke kira Kwara, a ƙaramar hukumar Borgu ta Jihar Neja, kusa da garin New Bussa. An fara gininta a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashen Turai da Amurka, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 209. Juyin mulki biyu na 1966 da yaƙin basasa duk sun same ta ana tsakiyar aiki, amma ba a tsaya ba. An gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969.

Idan ka tsaya a saman bangon, a hannu ɗaya ga ruwa nan shimfiɗe iya ganinka, kusa da kai. A ɗaya hannun kuwa sai ka leƙa can ƙasa kafin ka hango kogin yana tafarfasa yana ficewa. Tazarar da ke tsakanin ruwan sama da na ƙasa, wadda ta haura mita 30, ita ce jarin tashar gaba ɗaya. Ba gas, ba baƙin mai, ba gawayi. Nauyin ruwa ne kawai da ke neman gangara.

Sashen kankare na tsakiya tsayinsa mita 65 ne, sauran bangon kuwa ƙasa ce da duwatsu aka jibge, sun miƙa kilomitoci. Tafkin da ya taru a baya ya kai tsawon kilomita 135, har ƙasar Yauri a Jihar Kebbi, kuma in ya cika yana riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 15.

Ba ita ce tashar ruwa mafi tsufa a ƙasar ba. Ta Kurra Falls a Filato, wadda kamfanin NESCO ya gina don masu haƙar kuza tun wajajen 1930, ta girme ta da kusan shekara 40, kuma har yanzu tana ba da wuta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai cewa "tsufa ne" ya sake tunani.

Ɗakin injina: takwas a gurbin goma sha biyu

Mai ziyara yakan zo da tunanin zai ga ruwa na zuba a kan wani makeken ƙarfe. Ba ya gani. Abin da zai tarar wani dogon zaure ne mai tsafta, da manyan murafai zagayayyu jere a ƙasa, da ƙugiyar ɗaga kaya tana tafiya a kan dogo can kusa da rufi. Ma'aikata 'yan ƙalilan ne. Sai gunji, irin wanda ba a kunne kaɗai ake jinsa ba, har a tafin ƙafa da ƙirji. Duk aikin yana ƙarƙashin ƙafarka.

Ruwa na shigowa ta ƙofofi masu ragar ƙarfe, wadda ke tare kainuwa da kututturan da kogi ya kwaso. Daga nan ya gangara ya bugi farfela. Farfelar na juya wata sandar ƙarfe da ke tsaye, sandar kuma na juya maganaɗisu a cikin naɗin wayar tagulla, wuta ta samu. Kafin inji ɗaya mai megawat 80 ya ba da cikakken ƙarfinsa, sai ya haɗiye fiye da lita 200,000 a kowane sakan, wato fiye da tankar mai shida irin mai lita 33,000, kafin ka ƙifta ido. Kuma ruwan ba ƙarewa yake ba. Yana fita ya ci gaba da tafiyarsa, bayan kusan kilomita 100 ya iske madatsar Jebba, a sake tatsar wuta daga jikinsa.

An tsara tashar ne da gurbin inji 12, don ta ba da megawat 960. Takwas aka sa: huɗu masu megawat 80 a 1968, biyu masu 100 a 1976, biyu masu 120 a 1978. Jimla 760. Gurabe huɗu suka zauna fayau shekara da shekaru, shi ya sa lambar injinan ma daga biyar take farawa. Sai a 'yan shekarun nan aka ba da kwangilar sanya sabbi biyu a ciki.

Masu zargin tsufa suna da hujjarsu. An yi zamanin da injinan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana cire kayan wannan a gyara wancan. Kamfanin Mainstream, wanda ya karɓi hayar Kainji da Jebba a 2013 na tsawon shekara 30, ya ce ranar da ya shiga ba inji ko ɗaya da ke ba da wuta a Kainji. An farfaɗo da uku da kuɗin Bankin Duniya, aka ci gaba da tayar da saura. A ganina abin da wannan ya nuna ba illar shekaru ba ce, illar sakaci ce. Injin ruwa a hankali yake juyawa, ba wuta ake hurawa a cikinsa ba, don haka in ana yi masa babban garambawul a kan kari yakan yi tsawon rai fiye da injin gas nesa ba kusa ba.

Ruwan Sakkwato da ruwan Gini

Zancen "ruwa ya janye" gaskiya ne, sai dai yawancin masu faɗarsa sun saɓa lokaci.

Sau biyu tafkin Kainji ke samun cikowa a shekara. Ta farko daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminarmu ne, wanda Gulbin Sakkwato da Rima da sauran ƙananan koguna ke kwasowa. Yana zuwa da laka, ya yi fari-fari, shi ya sa masana ke ce masa farar ambaliya. Ta biyu kuwa daga nesa take. Ruwan da aka zuba a tsaunukan Gini tun da damina yakan gangaro Mali, ya bazu a babbar fadamar da ke tsakanin Mopti da Timbuktu, ya yi watanni yana jan ciki. A can laka ke kwantawa, rana ta shanye kaso mai yawa. Abin da ya saura ya biyo ta Gao, ya ratsa Yamai da Gaya, ya shigo Kebbi, ya iso Kainji daga Disamba zuwa wajen Maris, garau, duhu-duhu. Ita ce baƙar ambaliya.

Ma'ana, lokacin da hunturu ke busawa, ƙasa ta bushe ƙamas a Kano da Katsina, tafkin a cike yake ko kusa da haka. Daga bazara ne yake fara ja da baya, ya kai ƙarshen ramarsa wajen Yuli zuwa farkon Agusta. Sai ka ga ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a garinku, alhali a Kainji injiniya na lissafin yadda zai lallaɓa da ɗan abin da ya rage. Tsakanin cika da rama tafkin na iya sauka kusan mita 10, kuma duk mitar da ta ragu, ƙarfin da kowace lita ke bugun farfela da shi ya ragu. Ga ruwa kaɗan, ga kaɗan ɗin ba ƙarfi.

Don haka masu tafiyar da tashar ba za su kunna duk injina dare da rana tsawon shekara ba, ko da lafiyarsu ƙalau. In suka yi haka, tafkin zai ƙare musu kafin sabon ruwa ya iso. Shekarar fari kuwa ba a magana. A 1985 kogin ya kai ga tsayawa cak a Yamai, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya rage wa Kainji wuta sosai.

"Ruwa ya yi yawa" fa? Akwai 'yar gaskiya a ciki: in an buɗe ƙofofin zubar da rara, ruwan ƙasan bango yakan taso, tazarar nan ta ɗan ragu. Amma ɗaukewar wutar da muke gani da zarar hadari ya haɗo ba daga nan take ba. Iska ce ke kayar da turaku, rassan itace ke taɓa waya, wani lokaci kuma kamfanin rarrabawa ne ke kashe layi da kansa don gudun ɓarna.

Filin wayoyi, inda gizo ke saƙar

Bayan ɗakin injina akan kai baƙi ɗakin kula, sannan a nuna musu filin taransifomomi daga nesa. Yawancinsu a nan hankalinsu ke komawa kan ɗaukar hoto da neman inuwa, alhali nan ne amsar tambayar take.

Abu na farko: wutar babban layi ba a ajiye ta. Wadda ke kunna fankarka yanzu, yanzun nan aka samar da ita. Dole abin da tashoshi ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja, kowane sakan. Ma'aunin wannan daidaito shi ne lambar 50, wato sau nawa wutar ke kai-komo a cikin waya kowane sakan, wadda za ka ga ma'aikatan ɗakin kula suna yawan kallo. In buƙata ta rinjayi abin da ake samarwa, lambar ta yi ƙasa. In wani babban layi ya katse, wuta ta rasa inda za ta, lambar ta yi sama. Ta kauce da yawa, injina su kashe kansu don kada su ƙone, wannan ya ja wancan, cikin ɗan lokaci ƙasa ta yi duhu. Abin da ake kira durƙushewar babban layin wuta na ƙasa ke nan. Cibiyar da ke Osogbo ce ke gaya wa kowace tasha yawan abin da za ta bayar. Kuma in an durƙushe, tashoshin ruwa na cikin waɗanda ake fara tayarwa, don ba sa jiran gas ko tururi. Wadda ake zagi, sau da yawa ita ce ke tayar da saura.

Abu na biyu: Kainji ba ta kai girman sunanta ba. Wutar da ake raba wa mutum sama da miliyan 200 yawanci tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 da 'yan kai. Ko duk injinan Kainji takwas suna gudu, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. In ka haɗa ta da Jebba mai 578, da Shiroro mai 600, da sabuwar Zungeru mai 700, ƙarfinsu a takarda ya ɗan haura 2,600. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar daga tashoshin gas na Kudu yake fitowa. Bututun gas ya fashe a Neja Delta, ko masu sayar da gas su riƙe saboda bashi, mai walda a Gusau ya ji a jikinsa, ya ɗora wa Kainji.

Abu na uku: hanya. Ana ɗaga wutar zuwa volt 330,000 a tura ta kan manyan turaku, layi ya nufi Jebba, wani ya nufi Birnin Kebbi. Arewa na rataye ne da layuka 'yan ƙalilan. A Oktoban 2024 an ga abin da hakan ke nufi: an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga ke iko, layin da ke zagayowa ta Enugu da Makurɗi shi ma ya faɗi, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Injinan casar shinkafa suka tsaya, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a saba gani ba, masu cajin waya suka ƙara kuɗi, asibitoci suka koma kan janareta. Duk tsawon kwanakin nan madatsun Jihar Neja ba abin da ya same su.

Sai kuɗi. Tun 1972 da aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA, hannu ɗaya ke riƙe da komai, shi ya sa har gobe muke cewa 'yan NEPA. Daga 2013 abin ya rabu uku: masu samarwa, kamfanin TCN mai dakon wutar, da kamfanonin rarrabawa 11, irin su KEDCO da na Kaduna da na Abuja. Kuɗin kowa daga aljihun mai biyan bil yake fitowa. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, ana yi musu ƙiyasi, su kuma suna ganin zalunci ne su ƙi biya. Ga masu ratayen waya. Ga ma'aikatun gwamnati da ke cin bashi. Kamfanin rarrabawa kan ƙi karɓar wutar da ya san ba zai ga kuɗinta ba. Masu samarwa na bin bashin tiriliyoyin naira. Ƙarin kuɗin da aka yi wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta mafi tsawo a rana, a Afrilun 2024, zuwa naira 225 kan kowane yunit, ƙoƙari ne na toshe wannan ramin, amma ya sa wutar ta ƙara karkata zuwa unguwannin masu iya biya.

Zancen Nijar

Gaskiya ne ana tura wa Nijar wuta, tun shekarun 1970, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ƙara na Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take. Amma ba kyauta ba ce. Kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, saya yake, duk da akan tara bashi, kamar yadda Benin da Togo ke saya. Yawanta kuma bai kai megawat 200 ba.

Jami'an Najeriya sun sha bayyana dabarar da ke bayan cinikin: maƙwabcin da ke samun wuta da araha ba zai yi gaggawar datse kogin a sama ba. Wanda ya gane zancen baƙar ambaliya ya san dalilin damuwar, domin ta ƙofar Yamai take wucewa. An yanke wutar a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka mayar a Maris 2024. Mutanen Yamai da Maraɗi sun sha wuya, mu kuma a nan ba wanda zai ce ya ga wani canji na a-zo-a-gani. Abin da yankewar ta haifar shi ne ƙara wa Nijar azamar neman nata. Madatsar Kandadji da take ginawa a jihar Tillaberi, mai megawat 130, ta daɗe tana tafiyar hawainiya, amma in ta kammala, yawan ruwan da zai iso Kainji da lokacin isowarsa zai zama abin zama a teburi a Hukumar Kogin Neja, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai.

Ambaliya: laifin dam ne?

Wani lokaci da hannunta, amma ba yadda ake zato ba. Madatsa na rage ambaliya muddin tana da wurin zuba ruwa. In ta cika kuma ruwa na ci gaba da shigowa, dole a buɗe ƙofofi, don in ruwa ya haura bangon ƙasa, abin da zai biyo baya ya fi kowace ambaliya muni. Manoman shinkafa na fadamun Mokwa, Lavun, Edati da Patigi su ke kwana a ciki, kuma kokensu na cewa gargaɗi ba ya isowa da wuri koke ne mai tushe. A nan akwai saɓanin buƙata na gaske: mai sayar da wuta yana son tafki a cike, manomin ƙasan dam yana son a bar masa sarari.

Sai dai ba kowane ruwa ne na Kainji ba. Na Binuwai daga wata hanya yake, can ne ake jin sunan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ambaliyar garin Mokwa ta Mayun 2025, wadda ta ci fiye da mutum 150, ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya ta ce ruwan sama ne mai ƙarfi da toshewar hanyoyin ruwa, ba sakin dam ba. A watan Mayu ma tafkin ramewa yake.

Waɗanda ke ƙarƙashin tafkin

Ba kasafai ake gaya wa baƙi wannan ba. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200 na masarautun Borgu da Yauri: Bussawa, Gungawa, Kambari, Lopawa, Shangawa da sauransu. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa, haka tsibirin Foge. Gungawa manoman albasa ne a tsibirai da gaɓar kogi, aka mayar da su tudu. An gina musu gidajen siminti, wasu suka zauna, wasu suka ga ginin bai dace da zamansu ba suka yi nasu a gefe.

Tafkin ya kawo arzikin kifi, masunta suka taru daga wurare da dama, har aka kafa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Ya kuma bar kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, waɗanda har yau ke fasa kwale-kwale. Ƙauyuka da yawa a bakin tafkin suna ganin manyan wayoyi na wucewa ta samansu, su kuwa da fitilar hannu suke kwana. Wutar mai volt 330,000 ba ta saukowa gida sai an gina tashar rage ƙarfi, ita kuma kuɗi ce da niyya. Don irin wannan koke aka yi dokar HYPPADEC, hukumar raya yankunan da madatsun wuta suka shafa, a 2010, amma sai da aka shafe kusan shekara goma kafin ta fara aiki a Minna.

Ga mai niyyar zuwa

Ba wurin shaƙatawa ba ne da za ka sayi tikiti a ƙofa. Kadara ce ta ƙasa mai tsaro, sai makaranta ko ƙungiya ta rubuta takarda ta samu izini, kuma akwai wuraren da ba a yarda a ɗauki hoto ba. A binciki lafiyar hanya kafin a tashi, domin dajin da ke kewaye da gandun namun Kainji ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, tafiyar dare kuwa a bar ta.

Mai son ganin tafki a cike ya je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Mai son ganin an buɗe ƙofofin rara, sai wajen Satumba ko Oktoba na shekarar da ruwa ya yi yawa. Malamin da ya kai ɗalibai kuma ya sa su tambayi injiniyan da ke zagayawa da su inji nawa ke gudu a ranar, tafkin na kan mita nawa, kuma megawat nawa Osogbo ta nema. In abin da aka nema bai kai abin da injinan za su iya bayarwa ba, to a ranar matsalar tana kan layi ko wurin masu rarrabawa.